Hatimin Roba da Takarda: Yadda Ake Buga Zane Ya Fito Tas

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi waɗannan katuna biyu da ke kan tebur. Hatimi ɗaya aka buga a kansu, mai zanen ganye, kuma hannu ɗaya ne ya buga. Amma na dama ya fito tas, har jijiyoyin ganyen ana iya ƙirgawa. Na hagu kuwa ya dagule, gefensa ya yi inuwa, tsakiyarsa ta yi fari-fari. Mai koyo idan ya ga irin na hagu, nan da nan sai ya ɗora wa hatimin laifi, ya ce ba shi da kyau. Alhali sau da yawa hatimin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya raba katunan nan shi ne irin tawadar, irin takardar, da nauyin hannun da ya danna. A kan waɗannan za mu fi tsayawa a yau.

Buga alama da hatimi tsohon abu ne. Fiye da shekara 5,000 da suka wuce, mutanen Mesofotamiya, inda ƙasar Iraƙi take a yanzu, suna sassaƙa zane a jikin ɗan dutse mai siffar gwangwani, su mirgina shi a kan ɗanyen yumɓu. Robar ce sabuwa. Ɗanyen danƙon da ake tatsa daga itace yana narkewa ya yi yauƙi idan aka yi zafi, ya sandare idan aka yi sanyi, don haka ba ya riƙe zane. Sai a 1844 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya yi rajistar dabarar dafa danƙo da farar wuta, wadda ke sa shi ya tsaya da siffarsa. Zuwa shekarun 1860 hatimin roba ya fara shiga ofisoshi a Amurka, ana buga kwanan wata da sunan kamfani da shi. Daga baya masu zane suka ɗauke shi daga teburin akawu. Wani mai zane Bajamushe, Kurt Schwitters, tun wajajen 1919 yake haɗa hotuna da hatiman ofis.

Hatiman da za ku tarar yau iri-iri ne, amma biyu sun fi yawa. Akwai na jar roba, wanda aka manna a jikin katako da ɗan soso a tsakani. Wannan yana daɗewa, kuma yana fitar da siraran layuka da kyau sosai. Matsalarsa ɗaya: katakon yana rufe muku ido, ba ku ganin daidai inda zanen zai sauka. Sai kuma mai haske, wanda ake gani ta cikinsa. Ana yin sa da wani ruwan roba da ke daskarewa idan aka haska masa hasken ultrabayolet. Shi ba ya zuwa da katako. Ɓanɓaro shi ake yi daga ledarsa, a manna a kan wani ɗan falle mai kauri mai kama da gilashi, ya kama da kansa ba tare da gam ba. A ganina wannan ya fi dacewa da mai koyo, domin idonsa na kan takardar tun daga farko har ƙarshe. Idan sabo ne, ku ɗan goge fuskarsa da kilina ko ku wanke da sabulu mara ƙarfi kafin bugun farko, saboda yakan zo da wani santsi daga masana'anta wanda ke sa tawada ta taru ɗigo-ɗigo.

To, mu zo kan tawada, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Ta farko ita ce tawadar rini. Launinta narkakke ne a cikin ruwa, don haka da ta taɓa takarda sai ta nutse cikin zarenta, ta bushe cikin daƙiƙu kaɗan. Launinta na da haske, aikinta na da sauri. Sai dai ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Idan kuka buga ta a kan baƙar takarda, ba za ku ga komai ba, kuma idan kati ya daɗe a rana takan koɗe.

Ta biyu tawadar garin launi ce. Ita launinta ba narkewa ya yi ba, ƙananan ƙwayoyi ne da aka dama a cikin ruwa mai kauri. Ba ta nutsewa, a saman takarda take zama. Shi ya sa farar irinta ke fitowa sarai a kan baƙin kwali, shi ya sa kuma take jure rana. Amma tana jan lokaci kafin ta bushe, kuma duk wanda ya yi garajen taɓa ta da yatsa, ya shafe zanensa ke nan. Wannan jinkirin nata ba aibu ba ne, za ku ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Ta uku ita ce wadda ake bugawa a kan abin da ba ya shan ruwa, kamar leda, gilashi ko takarda mai sheƙi. Wadda aka fi sani ita ce StazOn ta kamfanin Tsukineko na Japan. Tana kamawa gam, tana kuma rina hatimin, sai an yi amfani da ruwan gogewa na musamman.

Ga wata ƙa'ida da nake so ku riƙe da kyau, domin ita kaɗai za ta cece ku daga asarar takarda mai yawa. Idan za ku shafa launi a cikin zanen bayan kun buga, to tawadar layin da abin shafa launin kada su zama dangi ɗaya. Za ku yi fenti da launin ruwa? Ku buga da tawadar da ruwa ba ya narkarwa, irin Archival ta kamfanin Ranger. Za ku yi amfani da makar da ke da sinadarin alkohol? Ku buga da tawada mai ruwa, irin Memento. Dalilin a fili yake: abin da ya narkar da tawada tun farko, shi ne zai sake narkar da ita a kan takarda, layin ya zube cikin launin.

Takarda ba sai an daɗe a kanta ba. Wadda ake sa wa firinta nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma ta gwaji ce kawai. Kati yana son kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300, mai santsin fuska. Takarda mai gurzu-gurzu tana da kyau a ido, amma tana yanka siraran layuka, saboda robar ba ta kaiwa cikin ramukanta.

Yanzu ku matso ku kalli hannuna. Na kwantar da hatimin a kan tebur, fuskarsa na kallon sama. Na ɗauki soson tawadar na kife a kansa, ina ɗan bubbugawa, tap, tap, tap, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba na dannawa, ba na murzawa. Idan aka danna da ƙarfi, tawada tana shiga cikin kwarin zanen ta taru a gefen robar, ita ce wannan inuwar da ke ɓata aiki. Sai in karkata hatimin wajen haske in duba. Inda ya yi sheƙi, tawada ta kama. Inda ya yi dishi-dishi, sai in ƙara. Idan na ga ta taɓa gefe, in goge da ɗan tsumma.

Ƙarƙashin takardar na shimfiɗa wani abu mai ɗan taushi, takardu biyar ko shida ma sun isa. Na sauke hatimin kai tsaye daga sama. Na riƙe shi da hannu ɗaya don kada ya motsa, ɗaya hannun kuma yana bin bayansa da yatsu, yana ɗan dannawa a tsakiya da kowace kusurwa. Kada ku jijjiga shi gaba da baya, ko da zuciyarku ta raya muku cewa haka zai fi kamawa. Ku ba shi daƙiƙa uku zuwa biyar tawadar ta sauka, sannan ku ɗaga shi sama sak. Ƙaramin hatimi mai siraran layuka ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan. Babba mai faɗin fuska shi ne ke son a miƙe tsaye a ɗora masa nauyin kafaɗa.

Kafin ku sake shafa tawada, ku ƙara buga shi a gefe. Kun ga ya fito da launi mai sanyi, na uku ma ya fi sanyi. Da wannan kaɗai ake yin daji guda: itatuwan gaba masu duhu, na baya suna dusashewa, da tawada ɗaya tak.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne zane mai tudu, wanda ake ji da yatsa. A nan ne jinkirin tawadar garin launi ke da rana. Akwai ma wadda aka yi musamman don wannan, mara launi mai danƙo, kamar VersaMark. Ana bugawa, tun tana ɗanya sai a barbaɗa mata wata hoda, wadda ainihinta roba ce da aka niƙa lukui. A karkata takardar, ragowar hodar ta zube a mayar da ita kwalba, wadda ta taɓa tawadar kuma ta maƙale. Idan wasu ƙwayoyi sun kama inda ba a so, a share su da busasshen burushi siriri. Maiƙon yatsa yana jawo hoda, don haka ku riƙa kama takardar ta gefe.

Sai na'urar hura zafi. Na'urar busar da gashi ba za ta yi ba, iskarta ta yi yawa, zafinta ya yi kaɗan, hure hodar kawai za ta yi. Ku kunna na'urar ta ɗan yi zafi tukuna, ku riƙe takardar da matsefata don kada ku ƙona yatsa. Ku zuba ido nan. Hodar tana nan garas-garas, ruwan ƙasa, babu ƙyalli. Ga shi ta fara daga wannan kusurwa, ta narke, ta koma ruwan zinare, ƙyallin yana bin layin zanen yana tafiya kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Da zarar wuri ya yi sheƙi, ku matsa gaba. Idan aka daɗe, robar takan nutse cikin takardar tudun ya baje, takardar ma ta fara ƙonewa. Wannan aiki na manya ne, yara su tsaya a kallo. Bayan ya huce, wannan layin ba ya shan ruwa, saboda haka idan kuka shafa launin ruwa a kai, zai zame ya bar zanen yana walƙiya.

Akwai kuma dabarar rufewa, idan ana son wani abu ya fito a bayan wani. A fara buga na gaba, misali fure. A sake buga furen a kan siririyar takarda, a yanke shi da almakashi a kan layin ko ɗan ciki kaɗan, a rufe na ainihin da shi. Sai a buga ganye a kai. Da an cire murfin, ganyen ya koma bayan furen. Abin tunawa dai, na gaba shi ake fara bugawa.

Wanda ba shi da hatimi ko ɗaya ma yana iya farawa yau, da kilina. A Japan sassaƙa hatimi a jikin kilina sana'a ce mai zaman kanta, suna kiranta keshigomu hanko. Ku yi zanenku a takarda da fensir mai taushi, ku kife shi a kan farar kilina, ku goga bayansa da farce. Zanen zai koma jikin kilinar a juye, kuma haka ake so, musamman idan akwai rubutu, domin in aka buga zai dawo daidai. Sai ku bi gefen layin da wuƙar sassaƙa mai baki kamar harafin V, kuna turawa nesa da yatsunku, kuna juya kilinar maimakon juya wuƙar. Duk abin da kuka cire zai fito fari, abin da kuka bari shi zai ɗauki tawada. Ku karkata yankan zuwa waje yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, in ba haka ba layin zai lanƙwashe ko ya ɓalle. Kuma ku riƙa cirewa kaɗan-kaɗan kuna gwadawa, tunda abin da aka yanke ba ya komawa. Ni dai ina son ƴan zane-zanen wuƙa da ke saura a gefe, su ne ke nuna cewa hannu ne ya yi.

Haɗa katin abu ne mai sauƙi. Ku raba kwalin A4 gida biyu, ku ninka rabin, ya ba ku kati mai faɗin milimita 105 da tsawon 148, daidai da ambulan ɗin C6. Kafin ku ninka, ku ja layi da rula da wani abu mara kaifi don kada kwalin ya tsage. Shawarata, kada ku buga kai tsaye a jikin katin. Ku buga a wani falle daban da ya ɗan gaza shi girma, in ya yi kyau ku manna, in bai yi ba ku juya bayansa. Ku bar wa zanen fili, ba dole ne a cika ko'ina ba. Da hatimin nan ɗaya za ku iya yin alamar shafin littafi, takardar naɗe kyauta, da ɗan katin da ake ɗaurawa a jikinta.

Da kun gama, ku goge hatimin da tsumma mai ɗan danshi tun tawadar ba ta bushe ba. Na katako kada a jiƙa shi a ruwa, gam ɗinsa zai saki. Mai hasken kuma a nisanta shi da alkohol, in ya daina mannewa a wanke shi da sabulu, a bar shi ya sha iska, danƙonsa zai dawo. Idan launi ya rina shi, ba komai, bugunsa ba zai canja ba. Dukansu a ajiye su a kwance, nesa da rana da zafi da maiƙo, domin su ne ke busar da roba har ta tsattsage. Soson tawada kuwa a rufe shi gam da zarar an gama shafawa.