Saƙon da Ke Cikin Hasken Tauraro

Kashe fitilar wayar nan tukuna. Dokar farko ke nan a kan rufin wannan bene a Jos, inda ɗaliban jami'a suka kafa madubin hangen nesa. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata maka wahalar. Shi ya sa kuka ga tocilar hannun malamin an ɗaure mata baki da jar leda, don jan haske ba ya kashe ido.

Jos ta yi dace, tana zaune a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga teku. Amma a zo bayan ɗaukewar damina, a Oktoba ko Nuwamba. Da zarar hazo ya sauko, sai haƙuri.

Mu fara da wadda kowa ya sani, Zara matar wata. Sa idonka a nan. Ka ga ba ɗigon haske ba ce? Tana da siffa irin ta wata, wani lokaci rabi, wani lokaci kamar lauje. Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu mai kewaya rana, hasken ma na rana ne take aro. Kuma ita ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba. Abu ɗaya muka raɗa wa suna biyu. Masanin taurari Galileo ya ga wannan sauyin siffa a 1610, shekarar da ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari, wato Jupiter.

In ka daɗe kana kallo za ka ga tana sulalewa tana fita daga madubin. Kada ka ce wani ya ture shi, ƙasar da kake tsaye a kai ce take juyawa.

To, ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa. Likita yana taɓa majinyaci, manomi yana damƙar ƙasa ya ji damshinta. Masanin taurari fa? Ko tauraro ɗaya bai taɓa zuwa ba. Haske kawai ke iso masa, kuma da shi yake yin kusan duk aikinsa.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana, minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake yi kafin ya iso mu. Yanzu dubi gabas, ga kaza da 'ya'yanta can, wadda malamai ke kira Surayya. Hasken da ke shiga idonka a daren nan ya baro ta shekara wajen 440 da suka wuce, tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tsohon labari kake kallo.

Sai kuma karatun saƙon. Ana ratsa hasken ta wata na'ura, ta baje shi launi-launi kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai siraran baƙaƙen layuka, kuma kowane sinadari da tsarin layukansa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Ta haka aka ga alamar iskar hiliyam a hasken rana a 1868, ba a same ta a doron ƙasa ba sai 1895. Ta haka ne kuma Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa taurari yawancinsu haidirojin ne da hiliyam. Manyan fannin ba su yarda da ita nan take ba, daga baya suka dawo kan maganarta.

Layukan nan har tafiya suna tona wa asiri. Ka san yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya idan ta wuce ka a titin Bauchi? Haka haske yake yi: abin da ke nesanta da mu, layukansa sukan gusa wajen ja. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa duk tarin taurarin da ya fi nisa, ya fi saurin gudu daga gare mu. Sararin ne kansa ke buɗewa.

Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba sararin samaniya a Disambar 2021, mai faɗin mita 6.5, wannan karatun yake yi a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniyarmu. Namu na kan rufi jariri ne a gabansa, sai dai aikin iri ɗaya ne, tara haske.

Kafin sanyin Jos ya kore mu, bari mu nemi Andromeda a arewa. Tarin taurari ne da haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya, kuma ido kawai, ba tare da madubi ba, na iya ganinsa kamar ɗan ɓurɓushin hayaƙi. Kada ka ƙura masa ido kai tsaye, zai ɓace maka. Ɗan kauda kallonka gefe kaɗan, don gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Yauwa, ga shi nan.