Fadar kwamfuta daga Yamai: rukunonin Azure da suka ɓuya

Isufu: Sannunku da zuwa fada. Tun Juma'a maganar nan ke yawo a zaurenmu na WhatsApp, yadda za a tace rukunonin kayan Azure, wato hidimar kwamfuta ta Microsoft a kan intanet, da suna ko da alamar da aka manna musu.

Rakiya: Ai kai ka tayar da ita, Yaya Isufu.

Isufu: Ni ne. A wurin aikinmu rukunoni sun yi yawa, kuɗi na zurarewa kowane wata. Na rubuta az group list, umarnin da ke jero rukunoni, na haɗa da --query don tacewa, na ce a fito min da duk wanda alamarsa ta muhalli ke ɗauke da gwaji. Tara suka fito, alhali na san sun fi haka. Ashe wani ya rubuta Gwaji da babban baƙi, wani kuma da Faransanci ya sa tasa. JMESPath, wato yaren da --query ke aiki da shi, ba ya yafe wannan, baƙi ɗaya ya bambanta, ya wuce shi.

Abdu: Shi ya sa nake son PowerShell, wata hanyar ba Azure umarni. Get-AzResourceGroup, ka sa -Name, ka kewaye kalmar da tauraro biyu, babba da ƙarami duk ya kwaso.

Isufu: Suna kawai ka kama, Abdu. Wanda aka raɗa wa sunan banza fa? Kuma mutane su sani, alamar da ka manna wa rukuni ba ta sauka kan kayan cikinsa da kanta, sai ka sa Azure Policy, wato tsarin kafa dokoki na Azure. Har alamomi 50 aka yarje maka a rukuni guda, amma uku ma...

Rakiya: Dakata, Yaya, shayi ya tafasa. Wa ya zuba sukari haka?

Abdu: Ni. A Tawa na farko da ɗaci ake shansa, amma wannan na biyu ne.

Rakiya: Na farko ne wallahi! Dubi kumfar.

Abdu: Gawayin ne ba kyau, ƙanwata, bai ja wuta ba.

Rakiya: Kullum gawayi!

Isufu: Ku miƙo kofin. Abin da ya fi damuna, masu jona az group delete, umarnin share rukuni, kai tsaye a bayan binciken. In ka share rukuni, komai na ciki ya tafi. Ka fara buga jerin, ka karanta da idonka, masu muhimmanci ka sa musu makulli.

Rakiya: Lokaci ya ƙure, ga kiran magariba. Ba mu taɓo Resource Graph ba, wata hanyar binciken kayan Azure.

Isufu: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.