Kwanar ƙarshen gona, inda jirgin feshi ya fi shiga haɗari

Wannan bidiyon da ya yi ta yawo a wayoyin mutanen Tahoua, na jirgin feshi yana shafar kan gero kamar zai yanke zangarniya, ya sa wasu sun yanke hukunci cewa matuƙin burga yake yi. Aikin ne ya buƙaci haka. Jirgin feshin gona yakan sauko zuwa mita 3 ko 4 a saman shuka, yana gudun kusan kilomita 200 a awa, domin idan ya yi sama iska za ta kwashe maganin ta kai shi rijiyar ƙauye ko cikin garken wani. Masu yaƙi da farar dango, irin wadda ta afka wa jiharmu a 2004, sukan ɗaga zuwa kimanin mita 10, amma ko hakan bai wuce tsayin babban gawo ba.

A irin wannan gudu jirgi yana cin fiye da mita 50 a kowace daƙiƙa. Wayar lantarki ba ta ganuwa sai an zo dab da ita, shi ya sa matuƙi yake neman turaku da ido, ya ƙiyasta inda wayar ta bi. Ga eriyar tarho, ga itatuwan kuka, ga tsuntsaye. Waɗannan kowa ya san su.

Yanzu ku dubi ƙarshen gonar, domin a nan ne masu sharhi suka fi kuskure. Matuƙi ya rufe feshi, ya ɗaga hancin jirgi, ya karkata zai juyo. Idan jirgi ya rikito a wannan wuri, sai ka ji ana cewa injin ne ya mutu, alhali sau da yawa injin yana ruri har ƙasa. Abin da ya gaza shi ne fiffike.

Duk wanda ya taɓa wulwula guga cike da ruwa ya san yadda igiya take ƙara nauyi a hannu, ko da yake ruwan bai ƙaru ba. Haka yake ga jirgi a kwana. Idan ya karkata da digiri 60 kuma yana so ya riƙe tsayinsa, fukafukansa suna ɗaukar ninki biyu na nauyinsa, sannan mafi ƙarancin gudun da zai riƙe shi a sama yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100. Matsalar ita ce hawan da ya yi ya riga ya cinye masa gudu, wato yana buƙatar ƙari a daidai lokacin da yake da ragi. Da matuƙi ya ƙara jan sandar tuƙi don ya matse kwanar, iskar da ke bin bayan fiffike sai ta sake shi, wani lokaci fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa, jirgin ya kife.

Maganin sananne ne: a sauke hanci, a bar jirgi ya sake samun gudu. Sai dai hakan yana cin tsayi, shi kuwa tsayin da yake da shi bai taka kara ya karya ba.

Ku ƙara da kaya. Jirgi irin Air Tractor AT-802 yana ɗaukar lita kusan 3,000, don haka kwanar farko da cikakken tanki ba ɗaya take da ta ƙarshe ba. Ku ƙara da zafinmu, wanda yake sa iska ta yi sako-sako, fiffike da inji duka su rage ƙarfi, kuma yana cikin dalilan da suka sa ake fita da sassafe. A ganina gajiya ta fi duka muni, domin mutum yana maimaita wannan kwana sau da yawa a wuni, kuma kowace daƙiƙa da ya rage a kwana riba ce, har zuciya ta fara raya masa ya ƙara matsewa kaɗan.

Bari mu mayar da bidiyon baya, a hankali. Ku lura da yadda wannan matuƙin ya fara kaucewa gefe, ya buɗe kwanarsa da faɗi, sannan ya juyo ya daidaita fukafukai kafin ya sake saukowa kan layin gero na gaba.