Amsoshin Tambayoyinku: Wai kawun Harry Potter mugu ne a zahiri?

Jama'a barkanmu da warhaka, yau lokaci ya matse mu don haka kai tsaye ga saƙonninku.

Wani daga Zariya na tambayar yaushe aka haifi Richard Griffiths, Baturen Ingilan nan da ya fito a matsayin kawun Harry Potter. An haife shi a 1947 a garin Thornaby, ya rasu a watan Maris 2013 a Coventry bayan tiyatar zuciya. Wata Hajiya daga Maraɗi ta ce a fim nawa ya fito cikin jerin finafinan Harry Potter? Biyar cikin takwas, Hajiya.

To ga wadda ta fi yawa, daga Kano, Kumasi, Garwa duk abu ɗaya: wai mutumin nan haka yake da mugunta a gida? Wani ma ya rubuto cewa in ya gan shi sai ya mare shi saboda yadda yake kulle maraya a ƙarƙashin matakalar bene. Haba ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, wasa ne fa! Ina ƙara faɗa, wasa ne, rubuta masa aka yi ya hau. Shi kansa yaron da ya fito a Harry, Daniel Radcliffe, ya sake aiki da shi a wasan dandamali, wato wanda ake yi kai tsaye a gaban 'yan kallo, a Landan a 2007, kuma da Griffiths ya rasu ya yabe shi sosai, ya ce shi ne ya riƙa kwantar masa da hankali lokacin da yake jin tsoron aikin. Sannan iyayen Griffiths duka biyun kurame ne, tun yana yaro ya iya maganar hannu, kuma ni a ganina daga nan ya samo wannan fuskar tasa da ko bai ce uffan ba ka san abin da ke ransa. Don haka in kun ji haushinsa, aikinsa ya yi kyau kenan.

Malam, kai da kake koyar da wasan kwaikwayo, wani na tambaya me ya sa irinsu ba a cika ba su jarumin fim ba?

"To ai sai mun koma baya tukuna. Shi wannan mutumin asalinsa ɗan dandamali ne, ya daɗe a Royal Shakespeare Company, wata babbar ƙungiyar wasan dandamali ta Ingila, kuma can ba a yanka a sake ɗauka, in ka manta layinka kowa ya gani. Ya fito a fim ɗin Gandhi na 1982 ma, ɗan ƙaramin waje. A 2006 kuma ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandamali a Amurka, da wasan The History Boys, inda ya fito malamin makaranta, kuma ka ga su Turawa…"

Malam mun gode, ko da dai tambayar tana nan inda muka bar ta, sai wani makon ka ƙarasa.

Ta ƙarshe: gaskiya ne Griffiths ya taɓa korar ɗan kallo? Gaskiya ne, a 2004 a gidan wasan National Theatre da ke Landan wayar wani ta yi ta ƙara ana tsakiyar wasa, ya tsaya cak ya ce ya fita. Ni dai ina bayansa, masu barin waya na ringi a masallaci ku ji da kyau. Lokaci ya ƙare, a ci gaba da turo saƙonni.