Wa ke ba taurarin Starling umarni?

Tun da wani bidiyo ya fara yawo a kan Starling, wato wasu ƙananan taurarin ɗan'adam da ke raba aiki a tsakaninsu da kansu, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: to a cikinsu wane ne oga? Wasu ma har sun yanke hukunci, wai na'urori sun fara tunani irin na mutum. A yi haƙuri, mu bi abin a hankali.

Su huɗu ne. Kowanne bai wuce kwalin takalmi ba sosai. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta harba su a watan Yulin 2023 daga ƙasar New Zealand, a kan rokar Electron ta kamfanin Rocket Lab. Sunan aikin Starling. Su kuma an raɗa musu Blinky, Pinky, Inky da Clyde, sunayen fatalwowin wasan bidiyo na Pac-Man. Injiniyoyi ma akwai barkwanci.

Me ya sa ake so su riƙa yanke shawara da kansu? Nisa. Su waɗannan duniyarmu suke zagayawa, amma gwaji ne domin irinsu da za a tura nesa: saƙo daga nan zuwa duniyar Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, zuwa kawai, ban da dawowa. Kafin ka ce "juya hagu", abin da kake son gani ya wuce.

Yanzu ga inda ake rikicewa. Ku ɗauki siginar GPS mai saukowa daga sama. Tana ratsa wani sashe na sararin sama mai cike da caji, wanda yakan jirkita ta, shi ya sa wani lokaci taswirar wayarka take ajiye ka a gidan maƙwabci. Taurarin nan suna auna wannan jirkicewa, amma kowanne ba zai saurari dukkan siginonin ba. Dole a raba aiki.

Wa zai raba? Babu kowa. Kowanne yana aika wa 'yan'uwansa abin da ya gani ta rediyon da ke tsakaninsu. Daga nan kowanne ya zauna ya yi lissafi iri ɗaya, da ƙa'ida ɗaya, a kan bayani ɗaya. Kamar ɗalibai huɗu ne malami ya ba su lissafi guda: in ba wanda ya yi kuskure, amsa ɗaya za su kawo ko da ba su leƙa littafin juna ba. Amsar ita ce jadawalin aiki, kowa ya ɗauki nasa kason. In ɗaya ya hango wani abu mai jan hankali, sai jadawalin ya sauya, a ƙara masa ido a wajen.

A ganina wahalar ba a lissafin take ba. Tana wajen "bayani ɗaya" ɗin nan. Rediyo yakan yanke. In saƙo bai kai ga Clyde ba, shi zai yi lissafi da tsohon labari, biyu su taru a kan aiki guda, wani wuri kuma a bar shi fayau. Shi ya sa suke ta maimaita musayar bayani, suna sake lissafi.

Ƙa'idar kuwa mutane ne suka rubuta ta, a cibiyar Ames ta NASA da ke Kalifoniya. Su suka ce ga abin da ya fi muhimmanci. Taurarin dai rabon aiki kawai aka bar musu.