Prednisolone Ta Tsayar Wa Baba Jini, Don Me Likita Zai Raba Shi Da Ita?

[Hoto: kemis a Sabon Gari, ana miƙa ƙwayoyi a leda]

Assalamu alaikum. Tun da muka yi magana kan zawo mai jini, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: "An ce Baba yana da gyambon babban hanji. Prednisolone ce ta tsayar masa da jinin, ga ta da araha. Don me likita zai janye ta, ya bar mu da mai tsada?"

[Zane: babban hanji, jan launi yana hawa daga ƙasa]

A gurguje. Likitoci na kiran ciwon alsaretif kolaitis. Garkuwar jiki ce ke far wa fatar cikin babban hanji, tun daga dubura ciwon ke somawa yana hawa. An fi saninsa da matasa, amma yakan fara a shekara 60 ko 70. A nan Zariya dattijo kan yi watanni ana ce masa basir ne, ko atini, ana ɗura masa Flagyl da jiƙo. Ga mai irin waɗannan shekarun, jini a bayan gida yana iya zama kansar hanji ma, don haka sai an yi gwajin bayan gida, an leƙa hanjin da na'ura mai kyamara, an ɗebi ɗan nama an auna. Irin wannan aiki na babban asibiti ne, kamar asibitin koyarwa na Shika.

To, ga inda ake ruɗewa.

[Hoto: kwalaye biyu a kan tebur]

Aikin magungunan biyun nan, prednisolone mai araha da mesalazine mai tsada, daban ne. Prednisolone ta ranar tashin ciwo ce. Tana kwantar da kumburi cikin kwanaki, shi ya sa ake ganin kamar ita ce waraka. Amma ba ta hana ciwon dawowa. Ana ba da ita na kamar mako 8 ne, ana ragewa kaɗan-kaɗan har a daina. Mesalazine, ko sulfasalazine mai sauƙin kuɗi, ita ce ke riƙe hanji lafiya, kuma sha ake yi kullum, har ranar da Baba ya wayi gari garau yana cewa a ɗumama masa tuwo.

Abin da ke faruwa a gidajenmu, sai a yi akasin haka. A ajiye mai tsadar, a riƙa aiken yaro kemis ya sayo mai arahar. Jikin saurayi kan ɗan jure. Na dattijo fa? Suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni har zamewa a banɗaki ta karya ƙugu, ido ya yi yana, tarin fuka da ke kwance ya farka. Fuska kuma ta yi kumatu, 'yan dubiya suna "Masha Allah, Alhaji ya murmure". Wallahi wannan kumatun yana ɗaga mini hankali.

Kuma don Allah kada wani ya gama kallon nan ya je ya ƙwace wa Baba prednisolone yau. Jiki na da nasa sinadarin irinta, wanda ake sarrafawa a saman ƙoda. In an daɗe ana shan ƙwayar, sai jiki ya daina yin nasa. A yanke ta lokaci ɗaya, jini na iya faɗuwa, ga amai, ga suma. Likita ne ke tsara ragewar.

[Zane: matakai suna hawa]

In mesalazine ba ta riƙe ba, akwai na gaba. Azathioprine ana taka-tsantsan da ita ga tsofaffi saboda haɗarin kansar jini. Allurai irin su infliximab sai an fara gwada tarin fuka da ciwon hanta. Vedolizumab a hanji take aiki, ta fi sauƙi ga tsoho, sai dai kuɗi. Akwai kuma tiyatar cire hanjin, wadda in an shirya mata ta fi ta gaggawa aminci nesa ba kusa ba. Dattawa da yawa kuwa mesalazine kaɗai ke riƙe su shekaru, ana dai duba ƙoda lokaci-lokaci.

[Hoto: ledar magungunan Hajiya an zazzage a tabarma]

Ranar ganin likita, a tafi da ledar nan duka. Diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa suna iya tayar da ciwon. In kuwa zawon jini ya kai sau 6 a rana, ga zazzaɓi ko ciki ya kumbura, kada a ba da maganin tsayar da zawo. A nemi mota ko da tsakar dare ne, a nufi asibiti.