Amsoshin Tambayoyinku: Sauya wa Yaro Makaranta Ana Dab da Jarabawa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya, wato maganar cire yaro daga wata sakandare a kai shi wata alhali jarabawa ta ƙarato. Shi ya sa muka gayyato Hajiya, wadda ta daɗe tana koyarwa, ta kuma shugabanci makarantar 'yan mata a nan Kano kafin ta yi ritaya. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai ɗana. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ce a Mariri. Ya ce: "Da a Kurna muke haya, mai gidan ya sayar, muka komo Mariri. 'Yata tana aji shida a wata makarantar jeka-ka-dawo can Kurna, kuma an riga an biya mata kuɗin WAEC da NECO. Sai ta hau adaidaita sahu uku kafin ta isa. Kuɗin mota ya fi ƙarfina, ita kuma kullum a gajiye take dawowa. Akwai makaranta a bayan layinmu. Shin in mayar da ita can?"

Hajiya: Allah ya buɗa maka, Malam. Daga Mariri zuwa Kurna ai keta gari ne sukutum, kowa ya san wannan. Amma amsata ita ce a'a, kada ka cire ta.

Duk wanda ya zo mini da irin wannan magana, abin da nake fara tambayarsa shi ne: a ina aka yi wa yaron rajista? Domin ranar da makaranta ta tura sunan ɗalibi ga WAEC ko NECO, an ɗaure sunan nan da lambar cibiyar jarabawa ta wannan makaranta. An ɗauki hotonta, an ɗauki yatsunta, an rubuta darussan da za ta zana. Takardun tambayoyi ma da lissafi ake kawo su kowace cibiya. To ko yau ka ɗinka mata sabon yunifom ta zauna a makarantar bayan layinku, ranar jarabawa Kurna za ta koma, don can sunanta yake. Ka ga tafiyar da kake gudu tana nan, ka ƙara wa kanka kuɗin sabuwar makaranta kawai. In kuma ka ce a sake mata rajista a sabon wurin, wataƙila an rufe, kuɗin da ka biya a baya kuma ba dawowa zai yi ba.

Sannan akwai makin da malamai ke tarawa a aji, wanda muke kira CA. Hukumar jarabawa tana karɓar wannan maki daga makaranta, na aji huɗu da biyar da shida. Makarantar da ta raini yarinya ita ke da shi a rubuce. Sabuwar makaranta me za ta tura?

Mai gabatarwa: Amma Hajiya ai manhaja ɗaya ce ko'ina. Abin da ake koyarwa a Kurna shi ake koyarwa a Mariri.

Hajiya: Manhaja ɗaya ce, amma kowane malami da inda ya faro. Wani ya gama wani babi tun aji biyar, wani ya bar shi sai zangon ƙarshe. Sai yarinya ta je ta tarar ana maimaita abin da ta sani, abin da ba ta sani ba kuma an wuce shi tun bara, ba wanda zai koma dominta. In 'yar kimiyya ce abin ya fi muni, saboda firaktikal. A watannin nan ne malaman Kemistiri da Fiziks da Bayoloji ke shiga da yara ɗakin gwaje-gwaje, kowa ya san teburinsa, ya san abokan aikinsa. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da zan ba ka shawara, Malam, ka sauya mata wurin kwana, ka bar mata makarantarta. Kun zauna a Kurna, da wuya a ce ba ku da kowa a can ko a Rijiyar Lemo ko Bachirawa. Kaka, gwaggo, ko wata tsohuwar maƙwabciya da kuka amince da tarbiyyar gidanta. Ta kwana can Litinin zuwa Juma'a. Sai dai ka faɗa musu da bakinka cewa karatu ya kawo ta, don na sha ganin yarinyar da aka kai gidan dangi ta yi jarabawa ta koma mai wanke-wanke da raino.

In hakan bai yiwu ba, karɓo jadawalin jarabawa. Darussa takwas ko tara take zanawa, ba kullum take da takarda ba. Ka ja layi a ƙarƙashin ranakunta, ka yi jinga da mai adaidaita guda wanda ka sani, ya ɗauke ta da sassafe kafin cunkoso. Ka tuna WAEC tana kaiwa har farkon damina, NECO kuwa tsakiyar ruwa ake yin ta, Yuni zuwa Yuli. Wanda ya makara ranar takardar Lissafi, ta wuce shi ke nan.

Kuma bari in ƙara da wannan don kowa ya ji. A ƙarshen 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da hana ɗaukar sabon ɗalibi ko karɓar taransifa zuwa aji shida, a makarantun gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, daga shekarar karatu ta 2026/2027. Dalilin da suka bayar shi ne maguɗin jarabawa.

Mai gabatarwa: To wannan ya kai mu ga wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah a Ɗorayi. Ta ce: "Ɗana yana aji biyar a makarantar kuɗi, ɓangaren kimiyya. Mahaifinsa ya rasu, an ƙara kuɗin makaranta, ana bina bashin zango biyu. Ina so in mayar da shi ta gwamnati, amma na ce bari in lallaɓa ya gama aji biyar tukuna."

Hajiya: Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. 'Yata, ke taki ta bambanta da ta farko, kuma jiran nan da kike son yi shi ne kuskuren. In ya gama aji biyar, aji shida zai nema, ƙofar kuma ita ce na ce ana rufewa. In har kin tabbata ba za ki iya ɗaukar kuɗin nan zuwa ƙarshe ba, yanzu za ki motsa.

Akwai kuma jarabawar kwalifayin. A nan Kano 'yan aji biyar na makarantun gwamnati ke zana ta, sashen KERD na ma'aikatar ilimi ke shiryawa, kuma da sakamakonta gwamnati ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarabawar fita. Ga mai marayu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki je ofishin ilimi na shiyyarku ki tambaya ƙarara: in ya shigo yanzu, zai samu shiga kwalifayin ta bana? Ki ji daga bakinsu, ba daga bakin maƙwabta ba.

Kada ki cire shi sai gurbi ya tabbata a rubuce. Ki tanadi takardar taransifa, da sakamakonsa na kowane zango tun daga aji huɗu, da na jarabawar aji uku, da takardar haihuwa, da lambar NIN. Ki kuma zauna da jami'in jarabawa na sabuwar makarantar ku jera darussan yaron ɗaya bayan ɗaya. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne darasin sana'a: can yana yin na kwamfuta, nan kiwon dabbobi suke yi ko kasuwanci. Shekara guda ta isa ya kamo, in an gane da wuri.

Maganar bashi kuwa, kada ki sulale. Takardun nan duk a hannunsu suke. Ki ɗauki baffan yaron ko wani dattijo ku je wurin mai makarantar, ki faɗi halin da kike ciki, a rubuta yadda za ki riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wani ma in ya ga yaron mai ƙoƙari ne, sai ya yi miki ragi don kada ya rasa shi a jarabawa. Su ma suna son sakamakon da za su yi talla da shi.

Ki kuma shirya wa yaron zuciyarsa. Zai tarar da aji mai cunkoso, malami ba zai bi shi gida da aiki ba. Shi zai bi malami.

Mai gabatarwa: Ta uku, Hajiya, yaro ne da kansa ya rubuto, daga Sheka. Ya ce: "Ina aji biyar. Babana ya ce zai kai ni wata makaranta a wajen gari inda ake taimaka wa ɗalibai ranar jarabawa, wai duk wanda ya zana a can sai ya ci. Ni ba na so, amma ina jin nauyin faɗa masa."

Hajiya: Allah ya yi maka albarka, yaro. Wannan "taimako" sunansa satar amsa, mirakul senta ake ce wa irin wuraren nan, kuma su ne suka jawo dokar da na ambata ɗazu.

Da mahaifinka zan yi magana, da girmamawa. Alhaji, na san ƙauna ce ta sa. Kana ganin 'ya'yan wasu na fitowa da kiredit tara, kana tsoron naka ya tsaya. Amma ka duba abin da kake saye. Kowace shekara WAEC da NECO suna riƙe sakamakon ɗalibai saboda zargin maguɗi, wani lokaci cibiya guda sukutum, mai laifi da marar laifi. Suna kuma janye amincewarsu daga makarantu. Akwai dokar hukunta maguɗin jarabawa tun 1999. Mai makarantar ya riga ya karɓi kuɗinka, in aka riƙe sakamako ba ka da wurin kai ƙara, don kai ma ka san abin da ka je nema.

A ce ma an tsallake. JAMB fa? Tun 2015 gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, yaro da allonsa, ba mai rubuta masa amsa. In ya shiga jami'a ma, shekarar farko ke tona asiri. Mun ga masu A1 a Turanci da ba sa iya rubuta takardar neman izini. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi, kuma yaron da ya iya zama ya rubuto wasiƙa mai tsari irin wannan, yana da shekara guda a gabansa, zai iya samu da guminsa. Kuɗin da za ka kai can, ka biya masa lesin, ka sayo masa tambayoyin shekarun baya.

Kai kuma yaro, kada ka tsaya gaban mahaifinka kana musu. Ka samu baffanka ko kawunka, ko malaminku na Islamiyya wanda yake jin maganarsa, ka faɗa masa abin da ka faɗa mana. Manya sun san yadda suke yi da junansu.

Mai gabatarwa: To Hajiya, akwai lokacin da za ki ce a cire yaro ko da jarabawa gobe ce?

Hajiya: Akwai, kuma na ga wasiƙar a hannunka.

Mai gabatarwa: Haka ne. Wata ce ta rubuto, ba ta faɗi unguwa ba. Ta ce 'yar yayarta tana aji shida, wani ma'aikacin makarantar yana matsa mata da maganar banza, har yana yi mata barazana da jarabawa. Yanzu yarinyar ta daina cin abinci, ta ce ba za ta koma ba.

Hajiya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk abin da na faɗa a baya, ajiye shi gefe. Kada a tilasta mata komawa, kada kuma a ce ta yi haƙuri saura wata biyu. Ku gaskata ta tukuna. Ku kai ƙorafi a rubuce ga shugaban makarantar, ku riƙe kwafi. In ta gwamnati ce ku wuce ofishin shiyya, in ta kuɗi ce akwai hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu a jiha. In abin ya wuce magana, na 'yan sanda ne. Shirunku wata yarinyar zai jawo wa.

Jarabawarta kuma ba ta ɓaci ba. Rajistarta tana nan. Za ta iya karatu a gida, ranar takarda wani babba ya raka ta ya jira ta, da sharaɗin mutumin nan ba zai kusanci ɗakin jarabawa ba. In ko ganin ginin ma ba za ta iya ba, WAEC da NECO duk suna da jarabawar masu zaman kansu, ta NECO wajen Nuwamba zuwa Disamba ake yi, kuma jami'o'i suna karɓar sakamakonta. Ana ma haɗa sakamakon zama biyu a kwasa-kwasai da yawa, sai dai irin su likitanci jami'o'i da dama zama ɗaya suke so.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya, ga gajeren saƙo daga Hotoro. Ya ce ya sauya wa ɗansa makaranta tun aji huɗu, sai ya ga sun rubuta Mohammed, alhali a tsohuwar Muhammad ne, sun kuma ƙara masa sunan unguwa a ƙarshe.

Hajiya: Gobe da safe ka je. Ka ɗauki takardar NIN ta yaron, abin da ke jikinta shi za a rubuta, harafi da harafi, da jerin sunayen da ranar haihuwa. JAMB daga NIN take ɗauko suna tun 2021, in ya saɓa da na WAEC, wahalar tana jiranku ranar tantancewa a jami'a. Kafin rajista, biro kawai jami'in jarabawa zai sa ya gyara. Bayan satifiket ya fito kuwa, sai rantsuwar kotu da zirga-zirga.

Mai gabatarwa: Hajiya mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Waɗanda suka yi tambaya kan 'yan aji uku da shiga kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, wasiƙunku suna nan, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.